Manhaja ta karɓe rabin aikina: in ajiye aikin in koyi wata sana'a?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekarata 45, ina da mata da 'ya'ya huɗu, kuma shekara 18 ke nan ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfanin rarraba kaya. Aikina shi ne shigar da takardun neman biya da masu kawo mana kaya suke turowa, da daidaita lissafinmu da na banki a ƙarshen wata, da haɗa takardun da masu binciken kuɗi suke nema. Bara kamfani ya kawo wata manhaja mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Ita take karanta takardun da kanta, ta shigar da su, ta haɗa kowace da kuɗin da aka biya. Aikin da nake kwana uku a kansa, yanzu kafin rana ta raba an gama. Mu bakwai ne a ofis, an sallami biyu, ɗaya ta yi ritaya ba a ɗauki wani a gurbinta ba. Manajanmu ya danƙa kula da manhajar a hannun wani yaro da ni na koya masa aiki. Gaskiya ban taɓa zama na koye ta ba, ko ganinta ba na son yi. Wani abokina ya ce in ajiye aikin tun kafin a kore ni, in kwashe ɗan abin da na tara in shiga kwas na wata tara in koyi rubuta manhajar kwamfuta, wai can abinci yake yanzu. Uwargida ba ta san halin da ake ciki ba. Barci ma ya ƙaurace mini. Me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo maka sauƙi. Bari in fara da abin da ba ya jiran gobe: kada ka rubuta takardar ajiye aiki, kuma kada ka taɓa kuɗin nan da ka tara. Sauran maganar duk za ta biyo baya.

Tsoronka yana da tushe, kuma ba zan lallashe ka da cewa ba komai ba. Masu lallashi sukan kawo wani labari da ya faru a cikin sana'arku ita kanta. A 1979 wani ɗalibin makarantar kasuwanci ta Harvard mai suna Dan Bricklin, shi da abokinsa Bob Frankston, suka fitar da VisiCalc, kakar Excel ɗin da kake buɗewa kullum. Kafin zuwanta, idan aka canza lamba ɗaya a jadawalin lissafi sai akawu ya ɗauki fensir da abin gogewa ya bi layi-layi yana sake ƙidaya, wani lokaci ya wuni. Manhajar ta mayar da wannan wahalar ƙiftawar ido. A shekarun da suka biyo baya, guraben akawun lissafi a Amurka sun ragu ƙwarai, amma na akantoci da masu binciken kuɗi sun ƙaru. Dalili kuwa, da lissafi ya yi sauƙi sai masu kamfani suka fara yin tambayoyin da a da ba wanda zai iya zama ya amsa: idan kuɗin dako ya tashi kaza, ina riba za ta tsaya? Idan muka jinkirta biyan wane, me zai faru da kuɗin hannu? Labarin gaskiya ne. Sai dai akwai wurin da ake tsallakewa idan ana ba da shi: akawun da aka sallama ba lallai ne shi ya zama akantan da aka ɗauka ba.

Wasu masana tattalin arziki biyu, James Feigenbaum da Daniel Gross, sun bi wannan tambayar a wata sana'ar. Tsakanin 1920 da 1940 kamfanin waya na Amurka, AT&T, ya riƙa maye gurbin matan da ke haɗa kira da hannu da na'ura, birni bayan birni. Da suka bi sawun matan a cikin takardun ƙidayar jama'a, sai suka ga 'yan matan da suka taso bayansu sun sami wasu ayyukan ba tare da wata matsala ba. Waɗanda sauyin ya riska a kan kujera kuwa, bayan shekara goma an fi samun su a aiki mai ƙarancin albashi, ko kuma sun bar aiki gaba ɗaya. Kai a kan kujera sauyin ya same ka. Saboda haka duk wanda ya ce maka "ai sababbin ayyuka za su fito", gaskiya ya faɗa, amma ba ita za ta biya maka kuɗin makarantar yara ba. Abin da za ka yi da hannunka a watannin nan masu zuwa shi ne zai yi aiki.

To, shawarar abokinka. Na yarda da alheri yake nufin ka, amma abin da ya ce ka yi sakin reshe ne a kama ganye. Ka duba inda za ka faɗa bayan wata tara: sabon shiga mai shekara 46, a layin neman aiki ɗaya da matasan da suka yi shekara huɗu suna karanta ilimin kwamfuta, ba su da iyali, za su karɓi albashin da kai ba zai riƙe maka gida ba. Ga wani abin da ya fi wannan nauyi. Tun fitowar GitHub Copilot, mataimakin rubuta manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, a 2021, da kuma ChatGPT a ƙarshen 2022, rubuta ƙananan manhajoji, wato daidai aikin da ake ba sabon shiga, yana cikin abubuwan da waɗannan na'urori suka fi gwanancewa a kai. Za ka gudu daga aikin da na'ura ta ci rabinsa ne ka shiga wani da ita ma take ci daga ƙasa, kuma ka shiga ba tare da shekara 18 ɗinka ba, don a can ba wanda zai lissafa maka su. In har zuciyarka tana son abin da gaske, akwai darussa kyauta a intanet. Gwada wata uku da daddare albashinka na shigowa. Idan ka ga kana ɗokin dare ya yi ka koma kansa, sai ka sake rubuto mini mu yi wata maganar.

Kamfanoni ma sun sha tsayawa a irin wannan mararrabar. Ga Kodak, kamfanin fim ɗin hoto na Amurka, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital tun 1975, amma kamfanin ya ƙare a kotun karayar arziki a Janairun 2012. Abokin gasarsa na Japan, Fujifilm, guguwa ɗaya ce ta same su, shi kuma ya tsira. Da kasuwar fim ɗin hoto ta fara rushewa bayan shekarar 2000, shugabansa Shigetaka Komori ya sa aka zauna aka tattara duk abin da kamfanin ya iya. Sai suka ga ashe ƙwarewarsu ta shimfiɗa sinadarai siri-siri a kan leda, da ta hana launi koɗewa, tana da kasuwa a fuskar talabijin, da kayan asibiti, har da man shafawa. Daga abin da suka riga suka sani suka taka zuwa na kusa da shi. Irin wannan zaman nake so ka yi.

Nemi ƙaramin littafi. Mako biyu, duk abin da ka yi a ofis ka rubuta shi, komai ƙanƙantarsa, har da kiran waya da tambayar da wani ya tsaya a bakin teburinka ya yi maka. A ƙarshe ka ja layi a kan duk abin da manhajar take yi ko za ta iya yi nan gaba kaɗan. Kada ka tausaya wa kanka a wannan jan layin. Shigar da lambobi ya tafi, haɗa biya da takarda ya tafi, kuma ba za su dawo ba. Sai ka dubi abin da ya saura. Ina kyautata zaton za ka tarar da irin waɗannan: mai kawo kayan nan da kullum yake turo takardar cikakken kaya alhali kashi biyu bisa uku ya sauke, kai ka san halinsa, sai ka kira sito ka tabbatar kafin a biya. Takardu biyu masu kuɗi iri ɗaya, rana ɗaya, lambarsu ta bambanta da harafi guda, kai kallo ɗaya za ka yi ka gane an turo abu ɗaya sau biyu. Ranar da lissafin banki ya ƙi daidaita da ɗan kuɗi ƙalilan, kowa ya gaji, sai aka ce a kira ka, ka tuna cewa wancan bankin yakan cire kuɗin hidimarsa a wata mai zuwa. Mai binciken kuɗi ya ɗago wata shigarwa ta shekara uku baya ya ce me ya sa, kai ne ka san dalili. Waɗannan abubuwan ba a rubuce suke a ko'ina ba, shi ya sa manhajar ba ta san su ba, kuma abin baƙin ciki, mai yiwuwa manajanka ma bai san kana yin su ba. Shi saurin shigar da takarda yake iya gani, kuma a nan an riga an wuce ka.

Kada ka ɗauka wannan ragowar ƙaramin aiki ne. A 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu. Manhajar ta riƙa nuna kuɗi sun ɓace a rassa alhali ba su ɓace ba. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa fiye da 900 bisa zargin sata ko ha'inci a lissafi. Wasu sun yi zaman gidan yari, wasu sun sayar da gidajensu sun biya kuɗin da ba su ci ba. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukuncin. Shekara da shekaru ana cewa kwamfuta ba ta ƙarya, mutane suna lalacewa. Ga kuma ɓangaren damfara, wanda ya fi kusa da teburinka. Wani ɗan ƙasar Lituwaniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi rajistar kamfani mai suna irin na Quanta Computer na Taiwan, wanda yake kawo wa Facebook da Google kaya, ya riƙa tura musu takardun neman biya na bogi tsakanin 2013 da 2015. Sun biya shi fiye da dala miliyan 100. Manyan kamfanonin fasaha na duniya ke nan, kuma abin da ya kayar da su takarda ce irin wadda kake riƙewa kullum, mai suna daidai, lambar asusu daban. Yanzu da na'ura take iya ƙirƙiro takarda da murya har da fuska, aikin ɗan damfara ya ƙara sauƙi: a farkon 2024 wani ma'aikacin sashen kuɗi na kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da mutanen da ya ɗauka shugabanninsa ne, ashe duk hotunan ƙirƙira ne. Duk kamfanin da ya rage hannaye a sashen kuɗi, buƙatarsa ga mutumin da zai ce "dakata, wannan bai yi mini ba" ƙaruwa take yi.

Amma fa ba za ka iya kama kuskuren manhajar da ba ka son ko kallonta ba. A nan ne zan ɗan matsa maka, Malam, domin jimlar da ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ita ce wadda ka ce ba ka taɓa zama ka koye ta ba. Na fahimci ciwon. Yaron da ka nuna wa yadda ake buɗe fayil, yau shi ake tambaya. Sai dai ka san wani abu game da irin waɗannan na'urori. A 2023 Erik Brynjolfsson da Danielle Li da Lindsey Raymond sun nazarci ma'aikata fiye da 5,000 masu amsa koken abokan ciniki, waɗanda aka ba mataimaki mai ƙirƙirarriyar basira. Aikinsu ya ƙaru da kashi 14 cikin 100 a jimlace, na sababbin shiga ya ƙaru da kusan kashi 34, na tsofaffin hannu kuwa bai wani motsa ba. Ma'ana, na'urar tana ɗaga sabon shiga ta kawo shi kusa da gwani. Tazarar da ke tsakaninka da yaron nan a da, ta sauri da sabo, ta riga ta ƙanƙance. Abin da ya rage maka shi ne sanin da bai shiga na'urar ba, shi kuma yana da sanin na'urar da bai shiga kanka ba. A cikin ku biyu, shi yana da shekaru masu yawa a gaba da zai tara naka sanin. Kai ne ba ka da lokacin jira.

Saboda haka gobe ka ja kujera ka zauna kusa da shi. Ka ce masa, "Ka nuna mini yadda abin nan yake yanke hukunci, ni kuma in nuna maka inda ake yaudarar sa." Wanda ka koya wa aiki da hannunka ba zai ƙi ka ba, kuma ina zargin shi ma a tsorace yake, don ranar da manhajar ta biya takardar bogi sunansa za a fara kira. Abin da kake buƙatar sani bai kai yadda kake zato ba: wace ƙa'ida aka sa mata wajen haɗa takarda da biya, bambancin nawa take yafewa ba tare da ta tambayi kowa ba, ina take jefa takardun da ta kasa ganewa, wa yake da ikon canza lambar asusun mai kawo kaya, kuma ina ake ganin tarihin wanda ya taɓa me. Ka bincika ko kamfanin da ya sayar muku da ita yana da darussan koyo ga masu amfani. Ka haɗa da zurfafa Excel ɗinka, musamman Power Query da PivotTable, domin da su za ka ciro bayanan wata guda ka tace su da kanka. Gargaɗi ɗaya: kada ka kwafi bayanan kamfani ka zuba a ChatGPT ko makamancinsa don neman taimako. Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irinsu a 2023 bayan wasu sun zuba bayanan sirri a ciki, kuma a sashen kuɗi wannan laifin zai iya jawo kora.

Daga ranar da ka fara, buɗe shafi na biyu a littafin nan naka. Duk kuskuren da ka kama, rubuta kwanan wata, da abin da manhajar ta yi, da adadin kuɗin da aka so a yi asara. Bayan wata biyu ka nemi ganin manaja da wannan shafin a hannunka. Kada ka je da ƙorafi, kada kuma ka je kana kushe manhajar. Shi ya kawo ta, mutuncinsa yana jikinta. Ka ce, "Ranka ya daɗe, manhajar nan ta rage mana wahala sosai. Ga wuraren da na ga tana bari abu ya wuce, ga abin da na tare. Ina so a ba ni alhakin duba takardun da take tsallakewa da tantance duk wani canjin lambar asusu." Sannan ka tambaye shi kai tsaye yadda yake ganin sashen nan da shekara ɗaya, kuma ko kamfani zai ɗauki nauyin karatunka na takardar shaidar ƙwarewa a aikin akanta ko binciken kuɗi ko haraji, wadda ake mutuntawa a inda kake. In kuɗin da ka tara za su tafi karatu, irin wannan ya cancanta, don a kan shekara 18 ɗinka zai hau.

Duk da haka, za ka iya yin komai daidai a kuma sallame ka. Kamfani yakan yanke shawara saboda dalilan da ba su da alaƙa da ƙwazon kowa, kuma ba zan ɓoye maka wannan ba. Shi ya sa na ce kada ka ajiye aikin da kanka: a wurare da yawa wanda ya tafi don raɗin kansa yakan rasa haƙƙin sallamar da wanda aka rage yake samu. Ɗauko takardar yarjejeniyar aikinka ka karanta sashen sallama a natse, ka kuma bincika abin da dokar ƙwadago ta inda kake ta tanada. Kada ka ci sabon bashi a wannan tsakanin, wanda ke kanka kuma ka fara rage mai tsadar ruwa. Sabunta takardar tarihin aikinka, ka sa sunan manhajar a ciki da zarar ka iya ta. Akwai kamfanoni da yawa, musamman ƙanana da matsakaita, da yanzu ne za su shiga sauyin da naku ya riga ya shiga, kuma mutumin da ya san tsohon tsari, ya ga inda sabon yake tuntuɓe, abin nema ne gare su. Ka kuma kira abokan aikinka biyu da aka sallama. Haƙƙin zaman tare ya isa dalili, sannan za ka ji daga bakinsu abin da masu ɗaukar aiki suke tambaya a yanzu.

Saura maganar uwargida. Na san kana ɓoye mata ne don kada ka ɗaga mata hankali, amma matar da mijinta yake juyi a kan gado har tsakar dare ta riga ta san akwai wani abu, abin da ba ta sani ba shi ne mene ne, kuma zuciya takan kawo abin da ya fi gaskiyar muni. Ka zaunar da ita a wannan makon bayan yara sun kwanta. Faɗa mata mutum nawa aka sallama, da abin da ka tara, da wata nawa zai riƙe ku in abin da ba a fata ya faru, da matakan da ka fara ɗauka. Za ka buƙaci awa ɗaya kowane dare don karatu, ita ce za ta tsare maka wannan awar, kuma rage kashe kuɗin gida ba zai yiwu ba sai da saninta. Idan bayan kun yi maganar rashin barcin ya ci gaba har makonni, ka ga likita, domin aikin da za ka nema a hannun manaja aikin ido ne da natsuwa, kuma wanda bai yi barci ba harafi guda a lambar takarda zai wuce shi.